Sunan da Ke Jikin Ledar Ruwa

Ranar 17 ga azumin 2024, ana gab da kiran la'asar, Goggo ta miƙe daga tabarma za ta ɗauki buta. Taku biyu ta yi, ta dafa bango, sai ta sulale ƙasa a hankali kamar zanin da ya zame daga igiyar shanya. Ƙarshen watan Maris ne, kuma duk wanda ya taɓa yin bazara a Jimeta ya san yanayin: zafi ya haura digiri 40, babu wuta tun safe, iskar da ke tasowa daga Binuwai ma sai ka ce daga bakin murhu take. Mu duka a gidanmu na Nassarawo abu ɗaya muka ce, azumi ne ya kayar da tsohuwa.

Yayata Adda ta yayyafa mata ruwa. Ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuka taru a kaina? Jiri ne kawai. Kada wanda ya kai min ruwa baki, saura kaɗan a sha ruwa."

Muryarta tas, hankalinta a jikinta, har da faɗa. Wannan ne ya kusa yaudararmu. Da don ta mu ne, da an kwantar da ita a inuwa ana yi mata fifita har magariba. Allah Ya sa maƙwabciyarmu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ta ji hayaniya ta shigo da abin awon jini a hannu. Ta ɗaura, ta matsa, ta saurara, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sai na ga fuskarta ta canza.

"80 bisa 50. Ku nemo Keke yanzun nan."

Adda ta ce, "To Anti, tunda jinin ne ya yi ƙasa, a sayo mata Maltina da madara mana."

"Ba ƙarancin jini ba ne, Hajiya. Jinin yana nan, ƙarfin tafiyarsa ne ya faɗi. Ku kawo min duk maganin da take sha, har da kwalayen da suka ƙare."

Aka ɗauko gwangwanin madarar da Goggo ke ajiye magungunanta a ƙarƙashin gado. Kwali biyu Anti ta ware ta ɗora a tafin hannunta. Ɗaya fari da shuɗi, wanda ake rubuta mata a asibiti shekara da shekaru. Ɗaya kore, wanda yayana Hamma ya aiko daga Abuja kafin azumi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, kowa sai ya sayi samfurin da ya samu da sauƙi, shi ma haka ya yi. Nufinsa idan wancan ya ƙare ta ɗora da wannan. Ita kuwa ta ji an ce "na zuciya ne", ta ɗauka wani magani ne daban. Manyan sunayen da ke jikin kwalayen ba ɗaya ba ne, amma a ƙasansu da ƙananan haruffa kalma ɗaya ce: amlodipine. Tun ranar farko ta azumi take haɗa su a sahur. Ranar nan kuma ta kasa tuna ko ta sha, sai ta ƙara.

A sashen gaggawa, likitar da muka tarar yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta karɓi kwalayen, ta ƙirga ramukan da ke jikin katin, ta ce, "Mama, yau kam sai dai a rama azumin nan." Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata wata allura ta jijiya a hankali, wadda aka ce kalsiyam ce. Sai nas ta soki ɗan yatsanta ta auna sukari. Na ce ai ba ta da ciwon suga.

"Na sani, Malam. Idan sukarin ya hau, alama ce maganin ya kama ta sosai. Kuma idan ruwa da kalsiyam ba su ɗaga jinin ba, za mu sa mata maganin matse jijiya, mu haɗa da insulin."

Insulin ga wadda ba ta da suga, a kan faɗuwar jini? Ban samu damar ƙara tambaya ba, an riga an kira ta wani gadon. Na kwana a kujerar roba ina kallon ledar ruwan nan tana ɗiga. A jikinta an rubuta wani suna da na sha gani a asibitoci ban taɓa tambayar ko wane ne ba: Ringer. Bayan mun dawo gida na bi sawun sunan nan da maganar insulin, sai na tarar labari ɗaya ne, mai tsawon shekara fiye da 100, kuma daga kuskuren wani yaron ɗakin gwaji ya fara.

Sydney Ringer likita ne a asibitin Kwalejin Jami'a da ke Landan, haifaffen garin Norwich a 1835. Aikinsa duba marasa lafiya ne, bincike kuwa sai in ya samu sarari yake shiga ɗan ɗakin gwajinsa. Tambayar da ta hana shi sakat ita ce: mene ne a cikin jini yake sa zuciya bugawa? Yakan cire zuciyar kwaɗo ya haɗa ta da na'ura mai zana bugunta a takarda, ya riƙa ratsa ta da ruwan gishiri maimakon jini. Zuciyar takan yi ta bugawa awa da awanni. Ya rubuta sakamakonsa ya buga a 1882. Daga baya ya zo maimaita gwajin, abu ya ƙi. Cikin kamar minti 20 zuciyar take yin laushi ta tsaya. Da ya tsananta bincike sai ya gano cewa a gwajin farko mai taimaka masa bai haɗa gishirin da tataccen ruwa ba, irin wanda muke kira ruwan batir, wanda babu komai a cikinsa. Ruwan famfo ya tara, na kamfanin New River da ke ba arewacin Landan ruwa.

Abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan shi ne bai binne maganar ba. A farkon takardar da ya buga a 1883 ya bayyana kuskuren da kansa, sannan ya bi ruwan famfon ya tantance abin da ke cikinsa. Ruwan ya ratso ƙasa mai alli, ya ɗauko ɗan kalsiyam. Da ya ɗiga kalsiyam kaɗan a tataccen ruwan gishiri, zuciyar da ta tsaya ta ci gaba da bugawa. Ya kuma gano cewa sai da ɗan fotasiyam bugun yake daidaita. Haɗin nan ne ya ɗauki sunansa. A shekarun 1930 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara masa sinadari ɗaya, kuma shi ne ruwan da ake rataye wa mai gudawa da mai haihuwa da wanda ya yi haɗari, daga Jimeta har ƙarshen duniya. Kalsiyam ɗin da ke cikin ledar ɗan kaɗan ne, bai isa ya yi maganin abin da ya sami Goggo ba, shi ya sa aka yi mata allurarsa daban. Amma ilimin da ya sa aka yi allurar daga ruwan famfon nan ya fito.

Shekara 80 bayan haka, a jami'ar Freiburg ta Jamus, aka kawo wa wani masani, Albrecht Fleckenstein, wasu sababbin magungunan ciwon ƙirji ya duba dalilin da suke raunana bugun zuciya. Ɗayansu shi ne verapamil. A 1964 ya ba da rahoto cewa abin da suke yi wa zuciya daidai yake da abin da ke faruwa in an janye mata kalsiyam, kuma in aka ƙara kalsiyam ƙarfinta yana dawowa. Ashe a jikin kowace ƙwayar tsokar zuciya da ta bangon jijiyar jini akwai ƙananan ƙofofi da kalsiyam ke bi ya shiga, shigarsa ce ke sa tsokar ta matse. Magungunan nan ƙofofin suke turawa. In an tura su daidai gwargwado, jijiya ta saki, hawan jini ya sauka. Daga nan dangin suka yaɗu: nifedipine a shekarun 1970, diltiazem daga Japan, sai amlodipine wanda ya shiga kasuwa a 1990.

Ba banza ba amlodipine ya shiga kusan kowane gida a ƙasar nan. Magani ne mai kyau, sau ɗaya ake sha a rana, kuma yana karɓar jikin baƙar fata. A 2019 aka buga wani babban gwaji mai suna CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, tare da likitoci irin su Farfesa Mahmoud Sani na Kano. An gwada mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, aka tarar haɗin da ke da amlodipine ya fi wanda babu shi saukar da jini. Tsarin kula da hawan jini da gwamnatin tarayya ta fitar don ƙananan asibitoci ma da shi ake farawa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta labarin Goggo ya watsar da maganinsa. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da hawan jini ke jawowa sun fi abin da ya same ta yawa nesa ba kusa ba. Sai dai abin da ya shiga kowane gida, dole wata rana a sha shi fiye da ƙima.

Wanda ya taɓa zuwa fadamar Gerio lokacin noman rani zai gane abin da ke faruwa a jiki. Ruwa yana isa ƙarshen fadama ne da abu biyu, ƙarfin inji da matsin tiyo. In tiyon ya buɗe ya yi faɗi, ruwa sai ya riƙa tafiya a kasalance, shinkafar da ke nesa ta bushe alhali inji na ta ruri. Aikin amlodipine da nifedipine ke nan in sun yi yawa: jijiyoyi su saki gaba ɗaya, zuciya ta yi ta gudu tana neman cike gibi. Verapamil da diltiazem kuwa injin kansa suke kamawa, bugun ya yi rauni ya yi jinkiri. In abin ya yi tsanani bambancin yakan ɓace, inji da tiyo su lalace tare. Ƙoda ce takan fara nunawa, fitsari ya ɗauke.

Mugun halin wannan guba shi ne ba ta gaggawa. Amlodipine yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya kai ƙololuwarsa a jini, kuma sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Nifedipine da verapamil suna da samfurin da aka yi don ya riƙa narkewa sannu a hankali cikin hanji. Mutum zai sha da safe, ya yi hira da rana, ya faɗi da dare. Likitocin guba sun daɗe da lura cewa masu irin wannan matsala sukan zauna da hankalinsu garau ko da jininsu ya kai inda wani zai suma, kamar yadda Goggo ke mana faɗa a 80 bisa 50. Wankin ƙoda ma ba ya fitar da maganin, domin yana manne da sinadaran jini. Abin da ya rage shi ne a riƙe mutum da rai har jikinsa ya gama fitar da maganin da kansa, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci fiye.

Har zuwa farkon shekarun 1990, abin da likita ke da shi a hannu shi ne ruwa, kalsiyam, atropine, glucagon da adiranalin. Ga wanda abin bai yi nisa ba sun wadatar. Ga wanda ya yi nisa, akan zuba su duka, jini ya ɗan motsa ya koma, mutum ya tafi ana kallo. Ruwan ma yana da iyaka, in ya yi yawa huhu yake taruwa.

A nan wani matashin likitan gaggawa mai suna Jeffrey Kline, a asibitin Carolinas da ke birnin Charlotte a Amurka, ya tsaya kan wani abu da kowa ke gani yana wucewa. Marasa lafiyar nan sukarinsu yana hawa, alhali ba su da ciwon suga. Dalili kuwa, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ma da irin ƙofofin kalsiyam ɗin nan take aiki. An toshe su, insulin ya daina fita. To ita zuciya a zaman lafiya kitse take ƙonawa ta samu ƙarfi. In ta shiga matsi sai ta koma neman sukari, kuma sukari ba ya shiga tsoka yadda ya kamata sai da insulin. Ka ga halin da take ciki: an raunana ta, tana neman abinci, abincin ya cika jini yana zagaye ta, amma babu mai buɗe mata ƙofa. Adiranalin bulala ce, yana tilasta wa doki mai yunwa ya yi gudu. Kline ya yi tunanin a ba dokin abinci.

Tunanin yana da tushe. Tun a 1927, shekara 5 kacal bayan an fara yi wa mutum allurar insulin a Toronto, an nuna cewa yana ƙara wa zuciya ƙarfin bugu. A 1962 likitan zuciya na Meziko, Demetrio Sodi-Pallares, ya riƙa ba masu bugun zuciya haɗin gulukos da insulin da fotasiyam. Amma babu wanda ya ɗauke shi a matsayin makarin guba.

Kline da abokan aikinsa suka gwada a kan karnuka 24 da aka sa wa maganin barci, aka ɗura musu verapamil har jininsu ya faɗi, aka raba su gida huɗu, shida shida. Waɗanda aka ba ruwan gishiri kawai duk suka mutu. Na glucagon uku suka rayu. Na adiranalin huɗu. Waɗanda aka ba insulin mai yawa tare da gulukos, duka shidan suka rayu. An buga wannan a 1993. Na karanta lissafin nan sau da yawa, kuma duk lokacin sai na tuna cewa shi kansa insulin a jikin karnuka waɗanda suka gano shi, Banting da Best, suka fara gwada shi a 1921. Dabbar da muke kora daga ƙofar gida sau biyu ke nan ana samo wa ɗan Adam magani a jikinta.

Daga kare zuwa mutum sai da aka ɗauki shekaru, kuma tsoro ne ya jawo jinkirin. Duk wanda ya yi karatun likita ko na jinya an cusa masa cewa insulin abin taka-tsantsan ne, kaɗan ya wuce sai mutum ya suma. A 1999 likitocin Charlotte ɗin suka buga labarin mutum biyar, huɗu da verapamil, ɗaya da amlodipine haɗe da wani maganin hawan jinin, waɗanda magungunan da aka saba suka kasa tayar da jininsu. Aka sa musu insulin da gulukos. Duka biyar suka rayu. A 2001 Edward Boyer da Michael Shannon na Boston suka ƙara da wasu biyu a babbar mujallar likitoci ta New England, daga nan maganar ta bazu.

Sai ka ji yawan da ake bayarwa za ka gane dalilin tsoron. Mai ciwon suga da aka kwantar a mawuyacin hali akan ba shi kashi ɗaya cikin goma na yunit a kan kowane kilo na nauyinsa a awa. A nan kuwa da cikakken yunit ɗaya ake farawa a kan kowane kilo, a ci gaba da haka kowace awa, in ta kama a ninka har sau 10. Mutum mai kilo 70 za a ba shi yunit 70 a awa tun daga farko, abin da ya fi wanda masu suga da yawa ke yi wa kansu a yini guda. Kwalbar insulin mai yunit 1,000, wadda kan kai wani makonni, a mataki na sama ba za ta kai awa ɗaya da rabi ba. Ga gulukos yana shiga ta ɗaya jijiyar, ana sokin yatsa kowane minti 15 zuwa 30 da farko, ana bin fotasiyam domin insulin yana kora shi cikin tsoka, in ya yi ƙasa zuciya takan rikice. Insulin ɗin kuma ba ya aiki nan take, yakan ɗauki rabin awa ko fiye, shi ya sa ake son a fara da wuri. Wannan aikin gadon asibiti ne kawai. Wanda ya gwada shi a gida ko a kemis kisa zai yi.

Likitoci ba su taru a kan baki ɗaya nan da nan ba, kuma ina ganin hakan daidai ne. A 2013 wata cibiyar guba a Phoenix ta jihar Arizona ta fitar da tarihin marasa lafiyarta 48 na shekara 25, waɗanda akasari da magungunan matse jijiya masu yawa aka riƙe su, kuma kusan dukkansu sun rayu. Da masana daga ƙasashe daban-daban suka zauna ƙarƙashin jagorancin Dakta Maude St-Onge ta Kanada, matsayar da suka fitar a 2017 ta haɗa hanyoyin ne: kalsiyam ta jijiya, insulin mai yawa, da noradiranalin ko adiranalin, gwargwadon ko inji ne ya raunana ko tiyo ne ya saki. Ga amlodipine, inda sakin jijiya ne babbar matsala, maganin matse jijiya ba ya da madadi, domin shi kansa insulin yana ɗan buɗe jijiya. In duk wannan ya gaza akwai sauran dabaru. Akwai wani shuɗin rini, metilin bulu, wanda wani likita, Paul Ehrlich, ya gwada a kan zazzaɓin cizon sauro tun 1891, aka dawo da shi a 2011 a New York ga wata da amlodipine ya kayar. Yana da haɗari ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, kuma suna da yawa a cikinmu. A manyan asibitocin duniya kuma akan haɗa mutum da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu har guba ta fita.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, in ka cire injin nan na ƙarshe, kusan duk kayan yaƙin ba baƙi ba ne a wurinmu. Insulin yana cikin firij na kantin magani. Gulukos da ruwan Ringer suna ko'ina. Kalsiyam ana ajiye shi a ɗakin haihuwa, domin shi ne makarin allurar da ake yi wa mai jijjigar ciki. Adiranalin yana cikin tiren gaggawa. Abin da ke da wuya shi ne nas ɗaya da za ta tsaya kan gado ɗaya dare guda, da tsinken awon sukari da ba zai ƙare da tsakar dare ba, da ɗakin gwajin da zai auna fotasiyam ƙarfe uku na asuba, da wutar da za ta riƙe injin tura magani. Muna da Asibitin Ƙwararru a nan Jimeta, muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, wanda har yanzu bakinmu ya fi sabawa da kiransa FMC. Daga Nassarawo tafiyar mintuna ce a Keke. Wanda ke Song ko Fufore ko Mayo-Belwa kuwa, jinkirin maganin nan shi ne damarsa, in ya taso tun yana jin garau zai iso da sauran lokaci. In ya jira sai ya faɗi, hanya ce za ta cinye shi.

Mu kuma mun iya ɓata wannan lokacin. Manja, nono, ruwan gishiri, sa yatsa a maƙogwaro, duk na ga an yi a unguwa idan an ce wani ya sha abin da bai kamata ba. Babu ɗaya da ke fitar da maganin, kuma aman dole yana iya komawa huhu. A asibiti akwai gawayi na musamman da ke kama maganin tun yana ciki, amma amfaninsa a awa ɗaya ko biyun farko ne. Na fi jin tsoro a kan yara. Ƙwayar ƙarama ce, fara, kuma gwangwanin kaka a ƙasa yake, daidai inda mai rarrafe ke kaiwa. Abin da aka auna wa babba ya fi ƙarfin jikin ɗan shekara biyu, kuma zai ci gaba da wasa har awanni kafin a ga alama. Akwai kuma wanda baƙin ciki ya rufe wa ido ya sha da gangan. Iyali sukan ɓoye don kunya da tsoron bakin mutane, su ce wa likita ba su san abin da ya faru ba, likita ya yi ta lalube cikin duhu alhali kwalin yana aljihun wani. Wannan mutumin ɗan'uwa ne da ciwo ya kama ta wata fuskar. Yana buƙatar a faɗi gaskiyar abin da ya sha, bayan ya tashi kuma a zauna da shi, a kai shi wurin likitan da ke duba damuwa.

Goggo ba ta kai ga insulin ba. Sukarinta bai hau sosai ba, kuma wajen ƙarfe biyun dare, bayan allurar kalsiyam ta biyu, na ji nas ta ce 95 bisa 60. Da asuba ta nemi a kai ta bayi, likita ta ce wannan fitsarin shi take jira tun jiya. Duk da haka ba su sallame ta ba sai rana ta uku, domin maganin yana nan cikin jikinta. Ƙafafunta da suka kumbura tun makon farko na azumi, waɗanda muka ɗora wa tsayuwar tarawihi, suka saɓe a hankali.

Ranar sallama likitar ta ɗauki biro ta ja layi a ƙarƙashin ƙaramin sunan da ke jikin kwalayen biyu, ta nuna wa Adda. Ta ce a dawo bayan mako ɗaya a auna, su za su faɗi ranar da za ta koma shan maganin. Goggo ta riƙe hannunta ta daɗe tana sa mata albarka da Fulatanci.

Bayan kwana 10 jinin ya sake hawa, aka mayar da ita kan ƙwaya ɗaya. Gwangwanin madarar yanzu yana saman kabad, inda jikarta mai rarrafe ba ta kaiwa. 'Yar Adda ce ke ɓallo mata ƙwayar kowace safiya, ta ja layi a kalandar da ke bayan ƙofa. Azumin da ta sha kuwa ba ta rama ba sai da ruwa ya sauka, garin ya yi sanyi, Binuwai ya fara cika.